SU DA ƘUDAN ƘARYA A GULBIN MADISON

A shekarar 1974, hukumar kula da kifi da namun daji ta jahar Montana, can yammacin ƙasar Amurka, ta yanke wata shawara wadda ta ba mutane mamaki: ta daina zuba kifin kiwo cikin gulaben jahar. Tun da aka soma maganar, masu otel da masu kantin kayan su suka ɗora hannu a kai, suna cewa za a kashe musu kasuwa. Amma cikin ƴan shekaru kifi ya ƙaru, ya kuma ƙara girma, baƙi suka riƙa zuwa daga ƙasashe masu nisa domin su kama shi. Wannan shawara daga gulbi guda ta samo asali, shi ne gulbin Madison, kuma aikin ƙidaya na wani ma'aikaci ne ya haife ta. Labarin ya cancanci masunta da ma'aikatan hukuma su ji shi.

GULBIN DA ƘANƘARA KE CIYARWA

Jahar Montana tana iyaka da Kanada daga arewa. Faɗinta ya kai kilometir murabba'i 380.000, watau bai cika kashi ɗaya cikin uku na Nijar ba, mutanenta kuma miliyan ɗaya ne da ɗoriya. Yammacin jahar manyan duwatsu ne da ake kira Roki. Lokacin sanyi dusar ƙanƙara takan lulluɓe su wata da watanni. Daga watan Mayu zuwa Yuni sai ta narke, ta gangaro ta cika ƙoramu da gulabe. Ƙanƙarar nan ita ce daminar gulaben ƙasar. Shekarar da ta zuba da yawa ruwa yakan wadata, ya kuma yi sanyi har ƙarshen lokacin zafi.

Gulbin Madison yana farawa cikin gandun dajin Yeloston, wanda gwamnatin Amurka ta keɓe tun 1872. Can ne ƙananan gulabe biyu, Firehole da Gibbon, suke gamuwa su zama ɗaya. Daga nan ya nufi arewa, ya yi tafiyar kilometir 295, har ya gamu da wasu gulabe biyu, Jefferson da Gallatin. Su ukun ne ke haɗuwa su zama babban kogin Misuri. Matafiya biyu da gwamnati ta aika binciken yammacin ƙasar, Lewis da Clark, su suka raɗa masa suna a 1805, don girmama James Madison, wanda ke ministan harkokin waje a lokacin, daga baya kuma ya zama shugaban ƙasa.

An datse gulbin a wuri biyu domin samar da wutar lantarki. Babbar madatsar, watau barajin Hebgen, tana can sama kusa da gandun dajin. Ta biyun tana kusa da wani ƙaramin gari mai suna Ennis. Ran 17 ga watan Agusta 1959 girgizar ƙasa ta tsage gefen wani dutse, ya rufto ya toshe gulbin ƙasa da barajin Hebgen, mutum 28 suka rasu, aka samu sabon tabki a wurin. Daga wannan tabki zuwa Ennis, wajen kilometir 80, ruwan yana gudu bisa duwatsu da tsakuwa, ba zurfi sosai, ba tsayawa. Wannan yanki shi ne ya yi suna a duniya.

Kifin da ake nema a nan Faransawa suna ce masa turuwit. Kifin ruwan sanyi ne, mai ƙananan ɓawo da ɗige-ɗige a jiki. Yana jin daɗin ruwa mai digiri 10 zuwa 16. In ya wuce 20 sai ya soma wahala, in ya kai wajen 25 ya daɗe haka sai ya mutu, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa. Iri biyu suka fi yawa a Madison. Akwai mai bakan gizo, wanda ke da jan zane a gefensa, asalinsa daga gulaben da ke zuba a tekun Fasifik. Akwai kuma mai ruwan ƙasa, ɗan Turai, wanda aka fara kawo ƙwansa Amurka daga Jamus a 1883. Dukansu baƙi ne, a ƙarshen ƙarni na 19 aka shigo da su wannan yanki, suka zauna suka hayayyafa. Macen takan haƙa rami cikin tsakuwa da wutsiyarta, ta zuba ƙwai, ta rufe. Ɗan Turai a watan Oktoba da Nuwamba yake yin haka, mai bakan gizo kuma daga Maris zuwa Mayu. In laka ta toshe tsakuwar, ko ruwa ya janye ya bar ta a fili, ƙwan shekarar ya lalace ke nan.

YADDA AKE SUN

Mai fatsa a kogin Isa yakan soka tana ko ɗan kifi a ƙugiya, ya ɗaura dalma, ya jefa, ya zauna jira. Mai su da ƙudan ƙarya ba ya sa abinci ko kaɗan. Ƙugiyar kanta yake yi wa ado da gashin wuyan zakara, da gashin barewa ko na zomo, ya naɗe su da zare har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke ci. Dabarar tsohuwa ce. Wani marubucin zamanin Rumawa mai suna Aelian ya ba da labarinta wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, inda ya ce mutanen Makidoniya suna naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya. A Ingila kuma an buga wani ɗan littafi a 1496 wanda ya lissafa ƙudaje iri goma sha biyu.

Abin da ya sa dabarar ke ci shi ne yawancin abincin turuwit ƙwari ne da ke girma cikin ruwa. Suna zaune ƙarƙashin duwatsu a matsayin tsutsa, wasu shekara guda, wasu fiye. In lokacinsu ya yi sai su taso, su fasa kwasfa, su yi fiffike, su yi barbara, su zuba ƙwai a ruwa, su mutu. Kowane iri da watansa, har da sa'arsa ta yini. Ranar da wani iri ya taso da yawa, kifi yakan ƙi kallon komai sai shi. Don haka masunci yakan fara ɗaga dutse a bakin ruwa ya duba abin da ke ƙarƙashi, ya dubi abin da ke tashi a iska, sa'an nan ya buɗe ɗan akwatinsa ya zaɓi ƙudan da ya yi daidai da shi a girma da launi. Akwai ƙuda mai yawo bisa ruwa, akwai mai nutsewa wanda ke kwaikwayon tsutsa, akwai kuma dogo mai kama da ɗan kifi.

Babban bikin shekara a Madison yakan zo a ƙarshen watan Yuni zuwa farkon Yuli, lokacin da wani ƙaton ƙwaro mai ruwan lemo a ciki yake fitowa. Tsawonsa ya kai na ɗan yatsa, kamar babbar fara. Tsutsarsa takan yi shekara uku ko huɗu cikin ruwa kafin ta rarrafo bakin gaɓa ta yi fiffike. Fitowar takan faro daga ƙasan gulbi inda ruwa ya fi ɗumi, ta riƙa hawa sama kowace rana, masunta suna biye da ita. A kwanakin nan ne manyan kifaye, waɗanda ba su cika barin ƙarƙashin ruwa ba, suke tasowa su cafke ƙwaro a fili.

Ƙudan ƙarya ba shi da nauyin da za a jefa shi da nisa. Saboda haka igiyar ce aka yi wa kauri da nauyi. Sandar takan kai metir 2,7, siririya mai lanƙwasa, da wani ɗan faifai mai juyawa a gindinta inda ake naɗe igiya. Masunci yakan kaɗa sandar baya da gaba, kamar mai kaɗa bulala a hankali, igiyar ta miƙe cikin iska, sa'an nan ya sake ta ta sauka bisa ruwa. A bakin igiyar akwai siririn zaren nailan wanda ba ya ganuwa sosai, shi ke riƙe da ƙudan.

Wahalar aikin tana bayan saukar ƙudan. Ƙwaro na gaskiya yana bin ruwa yadda ruwan ya ga dama. Amma gudun ruwa a tsakiyar gulbi ya fi na gefe, sai ya ja igiyar, igiyar ta ja ƙudan ya riƙa yanka ruwa. Da kifi ya ga haka ya gane. Dole masunci ya riƙa ɗaga igiyar yana gyara mata kwanciya don ƙudan ya tafi salin alin. Ga shi kuma ruwan garau yake, inuwar mutum kaɗai ta isa ta kori kifi. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, to a Madison maganar ba ta da ƙari. Wasu sukan sa dogon wandon roba mai haɗe da takalmi su shiga ruwa har ƙugu. Wasu sukan shiga ƙaramin jirgi su biyu, ɗan jagora yana tuƙi yana nuna musu maɓoyar kifi: bayan dutse, ƙarƙashin gaɓa, ko inda ruwa mai gudu ya gamu da mai sanyin tafiya.

Abin da zai fi ba mai karatu mamaki shi ne, yawancin kifin da aka kama a nan ba a kai shi tukunya. Masunci yakan jiƙa hannunsa, ya cire ƙugiyar, ya riƙe kifin cikin ruwa har ya farfaɗo, ya sake shi. Da yawa sukan danne ɗan haƙorin ƙugiyar tun kafin su fara, don ta fita ba tare da rauni ba. Ga waɗannan mutane su wasa ne da hutu. Ga mutanen Ennis kuwa sana'a ce, domin kifin da aka saki yau wani baƙo zai biya kuɗin otel da na jagora da na abinci ya zo nemansa gobe.

ZAMANIN MOTAR KIFI

Bayan yaƙin duniya na biyu motoci suka yawaita a Amurka, hanyoyi suka gyaru, masu zuwa su suka ƙaru. Hukumomi suka ga abin da ya fi sauƙi shi ne a kiwata kifi a zuba. Aka gina gidajen kiwo, inda ake ƙyanƙyashe ƙwai, a tara dubban kifaye cikin dogayen kwamin siminti, ana watsa musu abinci har su isa kamu. Sa'an nan motocin tanki su kwashe su su juye cikin gulbi. Lissafin a ido mai sauƙi ne: in akwai kifi dubu aka ƙara dubu, an sami dubu biyu. Kowane gari yana son motar ta tsaya a gadarsa, kowane ɗan majalisa yana son a ce shi ya kawo ta. Shekara da shekaru ana haka, ba wanda ya auna ya ga ko lissafin gaskiya ne, domin ba a da hanyar ƙidaya kifi cikin babban gulbi mai gudu.

A ƙarshen shekarun 1960 wani saurayi masanin kifi na hukumar Montana, Dick Vincent, ya gyara wata dabara ta ƙidaya. Akan ɗora injin lantarki cikin jirgi, a saki wuta kaɗan cikin ruwa. Kifin da ke kusa sai ya suma na ɗan lokaci ya taso, a kwashe shi da koma, a auna tsawonsa da nauyinsa, a yi masa shaida a gefen fiffike, a mai da shi. Bayan kwanaki a sake bin wurin. Ga misalin lissafin: in an yi wa kifi 200 shaida, aka komo aka kama 300, aka tarar 60 daga cikinsu suna da shaida, to kashi ɗaya cikin biyar na kifin wurin ke da shaida. Ke nan jimillarsu wajen 1.000 ne.

Abin da aka sa shi bincike da fari shi ne yawan ruwa. A lokacin masu barajin Hebgen sukan riƙe ruwa a ƙarshen sanyi don su cika tabkinsu, gulbi ya ragu ƙwarai. Da aka daidaita da su suka ƙara sakin ruwa, sai kifi ya ƙaru a wani yanki da ake kira Norris, amma a yankin Varney, kusa da Ennis, bai ƙaru yadda aka zata ba. Gulbi ɗaya, ruwa ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Da Vincent ya duba takardun hukuma sai ya tarar da bambanci guda: ana zuba kifin kiwo a Varney, ba a zubawa a Norris.

GWAJIN DA YA KAWO SHAWARAR 1974

A 1970 ya sami izinin yin gwaji. Aka daina zuba kifi a Varney. Aka kuma ɗauki wata ƙorama mai suna O'Dell, wadda ke zuba a Madison kuma ba a cikin zuba mata kifi, aka fara zubawa a wani yankinta, aka bar wani yankin yadda yake don a riƙa kwatantawa. Mutanen Ennis ba su ji daɗi ba. An yi tarurruka masu zafi, ana zargin hukuma da yin wasa da abincin jama'a.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Bayan shekara huɗu ba a zuba komai a Varney ba, manyan kifaye ƴan Turai da gulbin ya haifa da kansa sun ninka fiye da sau biyu, masu bakan gizo kuwa sun ninka kusan sau goma. A yankin O'Dell da aka zuba wa kifin kiwo shekara uku a jere, kifin gulbi ya ragu da kusan rabi. Vincent ya buga cikakken sakamakon a wata mujallar masana a 1987.

Bayanin da masana suka bayar shi ne, kowane kifin gulbi yana da mazauninsa inda yake fakewa yana jiran abinci, babba ya ɗauki wuri mai kyau, ƙarami ya bi baya. Kifin kiwo ya tashi cikin cunkoso, bai san wannan tsari ba. In an juye dubbansa a wuri guda sai su dame ƴan gida, su tashe su daga mazauninsu, su sa su yawo da faɗan da ke cinye ƙarfinsu. Su baƙin kuma ba su iya neman abinci ko gudun tsuntsu ba, yawancinsu ba sa ganin shekara ta zagayo. A ƙarshe an yi hasarar na kiwo, an yi hasarar na gida, an kuma kashe kuɗin jama'a.

Bisa wannan hujja hukumar ta tsai da zuba kifi a gulabe da ƙoramu a 1974. Ba ta rufe gidajen kiwo ba. Ta ci gaba da zuba kifi a tabkuna da bayan baraji, inda turuwit ba ya samun tsakuwa da ruwa mai gudu da zai yi ƙwai. A gulabe kuwa ƙarfinta ya koma ga gyaran mazaunin kifi: a tabbatar da ruwa na gudu duk shekara, a hana dabbobi tattake gaɓa, a dasa itatuwan da ke ba ruwa inuwa. Daga ƙarshen shekarun 1970 aka kuma fara dokar kama-ka-saki a wasu yankunan Madison.

DOKA DA KUƊI

Shawarar ba za ta yi amfani ba in da ba ta tarar da dokoki masu tsare gulbin kansa ba. Tun 1963 majalisar Montana ta kafa doka cewa ma'aikatar hanyoyi da sauran ma'aikatun gwamnati ba za su karkata gulbi ko su haƙe gadonsa ba sai sun shawarci hukumar kifi. A 1975 aka yi wata dokar da ta haɗa da manoma da sauran masu zaman kansu. Tsarin mulkin jahar na 1972 ya ce dukan ruwan jahar mallakarta ne domin amfanin jama'arta. A kan haka kotun ƙolin jahar ta yanke hukunci biyu a 1984, majalisa kuma ta yi doka a 1985, cewa kowa na iya shiga gulbi ya yi su har iyakar inda ruwa ya saba kaiwa in ya cika, ko da gonakin gefe na wani attajiri ne. Sai dai ba a yarda mutum ya ratsa gonar wani ba tare da izini ba. Ta gada ake shiga, ko ta mashigan da hukuma ta saya don jama'a.

Kuɗin aikin daga aljihun masunta yake fitowa. Duk baligin da zai jefa ƙugiya sai ya sayi takardar izini, baƙon da ya zo daga wata jaha kuma ya fi ɗan gida biya. Akwai kuma wata dokar gwamnatin tarayya ta 1950 wadda ta ɗora haraji na kashi 10 cikin 100 bisa kayan su, ana raba kuɗin ga jahohi domin aikin kifi. Da wannan ake biyan masu ƙidaya da masu tsaro.

CUTAR HAJIJIYA

A watan Disamba 1994 hukuma ta ba da sanarwar da ta girgiza jahar. Ƙidayar shekara-shekara ta nuna masu bakan gizo sun ragu da wajen kashi 90 cikin 100 a wani yankin saman Madison, aka kuma gano dalili: cutar hajijiya. Wata ƙwayar cuta ce ƴar asalin Turai, wadda aka fara gani a Amurka a shekarun 1950, ta kuma yaɗu daga jaha zuwa jaha musamman ta hanyar jigilar kifin kiwo. Rayuwarta gida biyu ce. Takan shiga wata siririyar tana da ke cikin laka, ta fito ta bi ruwa ta kama ɗan kifi tun ƙashinsa yana guringuntsi, ta cinye guringuntsin kai da na gadon baya. Ɗan kifin sai wutsiyarsa ta yi baƙi, bayansa ya karkace, ya riƙa juyawa wuri guda har ya kasa cin abinci. In ya mutu ƙwayoyin su koma laka. Ba ta kama mutum. Ɗan Turai kuwa, da yake ƙasarsu ɗaya da cutar, bai cika jin ta ba.

An sami masu cewa a komo da motar kifi. Hukuma ta ƙi. Ta ƙarfafa bincike, ta tsananta hana ɗaukar kifi mai rai daga wani ruwa zuwa wani, ta umarci masunta su riƙa wanke laka daga takalmansu da jiragensu. Kaɗan da suka tsira suka hayayyafa, ƴaƴansu suka fi jure wa cutar, har a shekarun 2000 masu bakan gizo suka sake yawaita. Ba don ƙidayar da ake yi kowace shekara ba, da ba a gane ɓarnar da wuri ba, ba a kuma iya tabbatar da farfaɗowar ba.

ZAFI DA CUNKOSO

Nasara ta zo da nata nauyi. A 1992 an fito da wani fim na Robert Redford kan wannan irin su a Montana, ya ƙara jawo baƙi. A 2017 hukuma ta ƙiyasta cewa saman Madison kaɗai ya ga fiye da yinin su 200.000, in an lissafa kowane masunci da kowace ranar da ya fita. An sha gardama tsakanin ƴan jagora masu neman abinci da ƴan gari masu kukan jirage sun cika musu gulbi.

Babbar barazana kuwa zafi ne. Yanayin duniya yana ɗumama, ƙanƙara tana narkewa da wuri, ruwa yana raguwa a watan Yuli da Agusta. Kifin da aka kama cikin ruwa mai ɗumi yakan mutu ko an sake shi. Don haka in zafin ruwa ya kai digiri 23 kwana uku a jere, hukuma takan hana su daga ƙarfe 2 na rana zuwa sha biyun dare. Suna kiranta dokar mujiya. Sunan daga masu saran itace aka gaje shi, waɗanda kan fita aiki tun da asuba mujiya na kuka, su tashi kafin rana ta yi zafi don gudun gobara. Baraji ma yana da nasa haɗari. Ran 30 ga watan Nuwamba 2021 ƙofar barajin Hebgen ta lalace, ruwa ya janye farat ɗaya daidai lokacin da ƙwan ɗan Turai ke cikin tsakuwa. Jama'a suka fito da bokitai suna kwashe kifin da ya maƙale suna mai da shi ruwa, har aka gyara ƙofar bayan kamar kwana biyu.

Akwai kuma bashin da ba a gama biya ba. Turuwit ɗan asalin gulbin, mai jan zane a maƙogwaro, baƙin nan biyu sun ture shi tun tuni, ya saura a ƙananan ƙoramun kan dutse. A ƙoramar Cherry, wadda ke zuba a Madison, sai da aka kawar da baƙin kifi cikin kusan kilometir 100 na ruwa kafin a iya zuba shi. Shigo da baƙon kifi aikin yini guda ne, fid da shi kuwa ya ci shekaru.

ABIN LURA

A Nijar kifi abinci ne da kuɗin cefane, ba wanda zai ce wa Basarke ya kama giwan ruwa ya saki. Zuba ƴaƴan kifi da ma'aikatan ruwa da daji ke yi a tabkuna yana da dalilinsa, domin tabkin da ke ƙafewa da rani, ko wanda ba ya haɗe da gulbi, ba shi da inda zai samo iri. Montana ma ba ta daina zuba kifi a irin wannan ruwa ba. Amma kogin Isa da Komadugu, kamar Madison, su ke haifar kifinsu, in ruwa ya cika ya malala fadama inda tarwaɗa da karfasa ke yin ƙwai. Waɗanda suka ga kogin Isa ya tsaya da gudu a Yamai a watan Yuni 1985 sun san abin da rashin ruwa ke yi wa masunta.

Hana su na wani lokaci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarakunan ruwa sun daɗe suna rufe gurbi har ranar da za a buɗe shi ga kowa, kamar yadda ake yi wa Matan Fada a Argungu. Abin da mutanen Montana suka ƙara a kai shi ne ƙidaya: ma'aikaci ya shiga ruwa kowace shekara, a wuri ɗaya, a wata ɗaya, ya auna ya rubuta, kuma manya su yarda da abin da takardar ta nuna ko da ya saɓa wa abin da aka saba. Duk tabkin da aka zuba wa kifi, daga Madarunfa har Tabalak, ya kamata a san nawa aka zuba, nawa aka kama, da girman idon komar da aka kama shi da ita. Masuncin da ya yi karatun yaƙi da jahilci yana iya riƙe wannan littafi, ƙungiyarsa kuma ta kai shi gaban hukuma a ƙarshen kowace shekara.